Teburin Agya Dapa

A Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, ba a taɓa ganin Agya Dapa ya sassaƙa abin da bai kai ƙofa ba. Tun yana saurayi ƙofofin coci da na gidajen sarauta yake yi da itacen odum. Bayan furfura ta rufe kansa sai hannunsa na dama ya fara rawa. Ya daɗe yana cewa sanyi ne, har ranar da kurfin sassaƙa ya zame ya ɓata wata ƙofa da ya kusa gamawa.

'Yarsa Adubi, mai aikin zane da kwamfuta, ta nuna masa a waya wani inji da yake sassaƙa da kansa. Sayensa ya fi ƙarfin irinsu, don haka ya ƙudura haɗa nasa. Ya sa aka yi masa waldar teburin ƙarfe mai tsawon ƙofa, domin a ganinsa injin da ba zai ɗauki ƙofa ba kayan wasan yara ne. Abin da ya rage shi ne abin da zai riƙa jan kan injin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kira Fosu, tsohon abokinsa maƙeri daga unguwar Suwame.

Fosu ya zagaya teburin yana kaɗa kai. "Dattijo, wannan inji ne ko gadon gawarka?"

"Idan na mutu kai za ka ɗauka, tunda ba ka da wani amfani. Faɗa mini abin da zan sa."

Suka fara da bel mai haƙora. Odum itace ne mai tauri; da wuƙar injin ta nutse cikinsa sai bel ya miƙe, ya tsallake haƙori, da'irar da Adubi ta zana ta fito kamar ƙwai. Suka koma ga doguwar sandar ƙarfe mai zare irin na noti. Ita kuwa tsawon ne ya kashe ta: da ta fara juyawa sai tsakiyarta ta dinga lilo, teburin duka yana girgiza. Na uku shi ne ƙarfe mai haƙora wanda giyar inji take takawa. Fosu ya ciro na wata tsohuwar ƙofar get, amma haƙoransa manya ne, kan injin yana wasa a tsakaninsu. Mai kyaun sai daga ƙasar waje, kuma dukansu sun san ba zai zo ba.

Damina ta wuce a haka, tsatsa ta fara cin teburin. Wata rana suna cin dokunu da kifi, Fosu ya ce, "Sandar nan ba ta da laifi, tsawon teburinka ne ya yi mata yawa. A raba teburin biyu, ka ga aiki."

"In sassaƙa me a kan rabin tebur? Ƙofar kaji?"

"Lambar gida. Sunan shago. Abin da zai kawo maka abinci, tsoho mai taurin kai."

Agya Dapa ya ci gaba da cin abincinsa. Da ya gama ci ya wanke hannu, ya ɗauki alli zai ja layi a tsakiyar teburin, layin ya ƙi miƙewa. Ya miƙa wa Fosu allin, ya fita waje har aka gama yankan.

Injin ya yi aiki sumul. Yanzu yakan zauna kusa da shi yana share garin katako, lambobi suna fitowa tsaf. Kwanan baya wata 'yar kasuwa da take gina gida ta tsaya a bakin rumfarsa.

"Agya, an ce a nan mai sassaƙa ƙofofi yake."

Ya dube ta, ya dubi allon da yake kan injin.

"Ya tashi, Mame," in ji shi. "Ki tambaya a gaba."