Wai Mota Ce Ta Ƙwace

Har in koma ga Allah ba zan manta da zaman da aka yi a zauren gidanmu na Bolari ba, bayan mota ta raba ƙanena da ƙafarsa. Ni ban yi boko mai nisa ba, tun ina yaro na ajiye biro na kama walda, amma ranar na ga yadda kalma ɗaya take wanke mutum fiye da sabulu.

Ƙanena tela ne. Kekensa irin na takawa da ƙafa, a wata rumfa bakin titi yake ɗinki. Wata Asabar abokan wani ango suka fito daga wurin ɗaurin aure suna wasa da motoci, suna juyi a tsakiyar titi, jama'a na tafi suna ihu kamar an ci ƙwallo. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wani Alhaji, ya saki hanya ya afka cikin rumfar. A asibiti aka yanke ƙafar dama daga gwiwa, ƙafar da take ciyar da 'ya'yansa.

Da aka kwana biyu sai ga tawagar ban haƙuri: Alhajin, da mai unguwa, da liman, yaron yana bayansu ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Ni ne babba a ɗakinmu, ga kuma Bappa, ƙanen mahaifinmu, a gefena. Abu ɗaya na ƙudurta zan nema: kada yaron nan ya ƙara riƙe sitiyari.

Mai unguwa ya gyara babbar riga ya ce, “To, kun dai ji yadda aka yi. Mota ce ta ƙwace masa.”

Kowa ya gyaɗa kai. Wai ta ƙwace! Sai ka ce motar ce ta tashi da safe ta yi wanka ta tafi biki.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka tuna bijimin nan na jajibirin Babbar Sallah?”

Ya tuna mana. Bijimin wani makiyayi ne ya fizge igiya ya ture wata tsohuwa mai ƙosai, hannunta ya gurɗe. Unguwa kaf ta fito da sanduna. Kafin magariba an yanka shi, aka kuma hana mai shi sake bi ta layinmu da dabba.

Na ce, “Da bakinka ka ce wa makiyayin, kai da ba ka iya riƙe dabba ba, me ya kawo ka cikin mutane? Shi fa bijimi da ransa, da gaske ya ƙwace. Ita wannan ƙarfe ce, aikina ke nan, inda aka murɗa ta nan take zuwa. In kuwa ita ce mai laifin, a kawo ta mu yanka.”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Liman ya ce, “Ɗana, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, na yi imani da haka. Amma na bijimin ma ai a rubuce yake, ba mu fasa kai masa wuƙa ba.”

Liman ya koma jan carbinsa. Na ɗauka na ci nasara. Sai Bappa ya matso ya daddanna mini gwiwa, ya ce a hankali, “Kai, rufa mana asiri. Ɗana yana jan tipa, kai ma gobe za ka iya sayen mota. In ta faɗo a kanmu, da wane baki za mu roƙi mutane?”

Nan na gano bakin zaren. Duk wanda ke zaune a zauren, ko yana da mota, ko ɗansa na ja, ko yana mafarkinta. Ba yaron suke karewa ba, kansu suke yi wa tanadi. Bijimi kuwa ba nasu ba ne, shi ya sa hukuncinsa bai kwana ba.

Sai ga saƙon Inna, mahaifiyarmu, daga cikin gida: kada in kunyata ta a gaban manya. Na haɗiye maganata. Aka shafa fatiha, aka ce Allah ya kiyaye gaba.

Na raka su ƙofa. Motar nan dai ce a tsaye, an buga mata gaba an fesa sabon fenti, irin wannan ba ya ɓuya ga idon mai walda. Yaron ya zaro makulli daga aljihu. Liman ya shige gaba ya yi bismillah, mai unguwa ya tattare riga ya shiga baya. Ko ɗayansu bai ji tsoron ta sake ƙwacewa ba.

Yau ƙanena maɓalli yake ɗinkawa da hannu, keken yana ɗaki ya yi tsatsa. Yaron ya zama magidanci, in ya wuce shagona har hon yake mini na gaisuwa.

Abin da na koya shi ne, a garin nan ba a auna laifi da jinin da ya zuba, ana auna shi ne da ko mu ma za mu iya aikata shi. Don haka in kana bakin titi, ka tsare ƙafarka da kanka. Ranar da aka take ta, mota ce ta ƙwace.