Na Bar Matata Da Laifin Ciwon 'Yarmu

A wancan lokacin ni ɗan kasuwa ne mai sayar da shinkafa a Jalingo, ina zaune a unguwar Sintali da matata da 'yarmu guda ɗaya mai shekara bakwai. Ni mutum ne mai baki. Idan mutum biyu suka yi faɗa a layinmu ni ake kira sulhu, kuma ban taɓa shiga magana na fito ba ni da gaskiya ba, ko da kuwa ba ni da ita. Matata kuma mai sanyin hali ce, tana yin alewar madara da tuwon madara a gida, yara suna zuwa saye.

Ciwon ya fara ne da ƙishirwa. Yarinyar ta sha ruwa kofi uku ta ce a ƙara, ga yawan fitsari, ga ci kamar gara, amma kullum sai ramewa take yi. Wata safiya na zagaya bayan ɗaki na ga tururuwa ta taru a inda yarinyar ta tsuguna. Na san wannan abin. Ina da ƙanwa da ta rasu a garin Mutum Biyu tana da shekara tara, kuma haka nata ya fara, har da tururuwar. Bayan an rufe ta mahaifinmu ya tara mu ya ce duk wanda ya tambaya a ce masa zazzaɓi ne, kada a ce gidanmu akwai ciwon gado 'yan matanmu su rasa masu aure. Na riƙe wannan magana shekara da shekaru, ko matata ban taɓa gaya wa ba. Da ta ce mu je asibiti sai na ce shawara ce kawai, a jiƙa mata magani. Mako biyu na ja, sai da yarinyar ta fara amai tana numfashi sama-sama muka kwashe ta zuwa asibiti.

Da ta farfaɗo likita ya ce a turo uban yarinya. Ni kaɗai na shiga ofishinsa, matata tana bakin gado. Ya ce ciwon suga ne, amma ba irin na manya ba. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta juya ta lalata wurin da ke samar da sinadarin insulin a cikin ciki, don haka allura za ta riƙa yi har ƙarshen rayuwarta. Ya ce akan gaji yiwuwar kamuwa da shi a jini, amma gadon kaɗai ba ya isa, shi ya sa wani zai kamu ɗan'uwansa ya tsira. Ya ce masana suna duba ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, waɗanda ke taimaka wa garkuwar yaro ta san abokin gaba ta san na gida, ko suna da hannu a ciki, amma har yanzu ba a gama tabbatarwa ba. Sau biyu ya nanata cewa shan zaƙi ba ya kawo shi, kuma ba laifin kowa ba ne. Sannan ya tambaye ni ko an taɓa samun mai irinsa a dangina. Na dube shi ido cikin ido na ce babu.

Da na fito matata ta tare ni a baranda tana tambayar me aka ce. Wallahi har yau ina jin kunyar abin da na faɗa. Cikin duk bayanin likita na tsinci maganar hanji kaɗai, na juya ta yadda ta yi mini. Na ce an ce cikin yarinyar ne ya lalace tun tana jaririya, saboda yayen wuri da kafson da take sayo mata a kemis duk sanda ta yi gudawa, sannan alewarta ta ƙarasa sauran. Ba ta yi mini musu ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Daga ranar ta kife tukunyar alewa, ba ta sake ɗora ta ba. Maƙwabta suka ɗauki maganar, ana cewa ai ita ta ɗura wa 'yarta suga. Ita ke yi wa yarinyar allura safe da yamma, ita ke ajiye kwalbar maganin a gindin randa don kada zafi ya lalata ta in an ɗauke wuta. Kuma duk sanda za ta soka allurar sai na ji tana ce wa yarinyar ta yafe mata. Ina zaune ina shan shayi ina jin su. Shekara biyu ana haka, ni da nake raba faɗan mutane a kasuwa na kasa buɗe baki a gidana.

Mahaifiyata ce ta tona, ba tare da ta sani ba. Dada muke ce mata. Ta zo daga Mutum Biyu ganin likitan ido, ta ga jikarta tana kwankwaɗar ruwa an kuma ɗauko allura, sai ta fashe da kuka. Ta ce wa matata da a ce akwai wannan allura a hannunsu a wancan lokacin, da 'yarta ba ta tafi ba. Ta ba ta labarin tun daga ƙishirwa har tururuwa, ta ce ai ni ne ma na fara nuna mata inda tururuwar ta taru. Ina tsaye a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na zaci matata za ta yi ihu ko ta haɗa kaya. Ba ta yi ba. Bayan Dada ta tafi ta ce mini ba ta riƙe ni da ciwon ba, don jinin da na gada ba ni na zaɓe shi ba. Abu ɗaya take so ta sani, yadda na iya zama ina jin ta tana roƙon 'yarta gafara kullum sau biyu, shayi kuma yana wuce mini a maƙogwaro.

Muna tare har yanzu, yarinyar tana makaranta, ta ma iya yi wa kanta allura. Na koma wurin likita na faɗi gaskiya, na bi maƙwabta gida-gida na wanke matata. Amma idan ranar asibiti ta zo ita take shiga ofis, ni in jira a benci, kuma in ta fito ba ta gaya mini komai sai na tambaya.

Ina roƙon maza 'yan'uwana, idan likita ya kira ku, ku shiga da uwar yaron ta ji da kunnenta. Ciwon da ke cikin dangi ku faɗe shi, ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ya kusa kashe mini 'ya. Yaro mai yawan ƙishirwa da fitsari yana ramewa a kai shi asibiti ranar. Ni dai na sayo wa matata madara da sukari na ajiye mata kusa da murhu. Watanni ke nan, tukunyar tana nan a kife.