Goro, dabino da gujiyar Yaya

Jiya Hadiza, ɗiyar marigayi yayana, ta zo Cadawa da tsohuwar kwamfutarsa. Bayan ya bar koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ya duƙufa koya wa na'urar lissafin sauya jerin abubuwa, bai gama ba rai ya yi halinsa. Tana son ta ƙarasa, amma amsoshinta sun ƙi dacewa da nasa.

"Baffa, in sauyi biyu ne a rubuce, wanne mahaifina yake fara yi?"

Sai na tuno shi bisa tabarma, farin gemunsa da jan goro, ya jera goro, dabino da gujiya. Yakan bi rubutunsa da yatsa, ya musanya biyu, ya sake musanya wasu biyu, ya ce, "Duba, in ka fara da wancan, jeri daban zai fito." Ni kuwa sai dariya, in ce wasan yara ne. Wata rana har na cinye dabinon. Sai ya sa tsakuwa a gurbinsa.

"Daga dama yake farawa," na ce mata, "kamar rubutun allo."

Ta gyara, amsa ta fito daidai. Na kau da kai, idona cike da hawaye.

Ashe ina kallonka, Yaya. Allah ya haskaka kabarinka.