Shekarar da Verna Ta Fito Bayan Gida

Shekara talatin da takwas Ovide Landry ya yi yana aski a wani ɗan shago da ke kallon cocin garinsu, a kudancin jihar Louisiana ta Amurka, kuma ba a taɓa jin ya bar wani ya ƙarasa magana ba. Gajere ne, mai tumbi, da gashin baki kamar burushin takalmi. In ka zauna a kujerarsa, kai da buɗe baki sai ya kakkaɓe maka wuya. Ya san maganin ciwon baya, ya san dalilin da ya sa jatan lande ya yi ƙaranci bana, ya san wanda zai ci zaɓe. Girki ne kawai bai taɓa gwadawa ba har ya kai shekara hamsin.

A shekarar ne Clovis, ƙanin matarsa Verna, ya kawo masa kyauta ana saura kwana uku bikin Godiya, wanda Amurkawa ke yi shekara-shekara ran Alhamis da cin talotalo: doguwar tukunya ta suyar talotalo, da murhunta mai ƙafa uku, da tulun gas. Clovis ya ce matarsa ce ta hana a ajiye kayan a gidansu. Ovide bai tambayi dalili ba, don lokacin shi ke magana.

Ranar biki ya kafa murhu a bayan gida, ya cika tukunya da man gyaɗa har wuya, ya jira ya yi zafi, ya ɗauko talotalon da bai gama sakin ƙanƙara ba ya jefa. Mai ya yi tsalle ya zubo kan wuta. Kafin a ce me, harshen wuta ya wuce rufin gida. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo, amma itacen ɓauren da Verna ta shuka da hannunta ya tafi, girar Ovide duka biyu sun tafi, rabin gashin bakin ma ya bi su.

Ran Litinin shago ya cika da mutanen da ba su da gashin askewa.

"Mista Ovide, wa ya yi maka wannan aski?" in ji wani tsohon masunci. "Faɗa min inda shagonsa yake, in riƙa bin wata hanya."

Da wani ne, da ya haƙura. Ovide kuwa sai ya ɗauki abin da gaske. Ya koyi auna mai da ruwa tun jajibiri: ya sa talotalo a tukunya, ya zuba ruwa har ya rufe shi, ya cire, ya yi alama. Ya koyi barin nama ya saki sarai, ya goge shi tas ciki da waje. Ya sayi ƙatuwar sirinji yana yi wa talotalo allurar man shanu da tafarnuwa da barkono. Yakan kashe wuta kafin a saka nama, a zura sandar tsintsiya cikin ƙugiya, shi a gefe ɗaya Clovis a ɗaya, su sauke a hankali kamar masu saka gawa a kabari. Ya kewaye murhun da igiya. Ko kare ya san ba a tsallake ta.

Cikin 'yan shekaru sunansa ya zaga unguwa. Fata ƙaras-ƙaras, nama kuwa yana zubar da romo. Idan ya shigo da shi cikin faranti yana dafe da baya, yana share gumi, sai a tafa masa. Verna ma takan tafa, sau biyu, ta koma kan tukwanenta guda bakwai tare da yayyenta, Eula da Noelie.

Haka aka yi shekara goma sha tara. A ta ashirin, ana saura mako biyu biki, aka yi wa Ovide aikin ƙugu. Likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya ɗaga.

"Ni zan soya," in ji Clovis.

"Kai?" Verna ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai da ka ƙone garejinka ka zo ka liƙa wa mijina tukunyar? Zauna. Ni zan yi."

Ranar nan Ovide ya fara sanin dalilin kyautar. Amma ba wannan ya dame shi ba.

"Verna, wannan ba dafa shinkafa ba ne. Aiki ne na haɗari. Sai namiji mai natsuwa."

"To a ina za mu samo shi kafin Alhamis?"

Ran Alhamis aka fito da Ovide a kujera, bargo a cinya, agogo a hannu, aka ajiye shi a bakin igiya. Clovis da mazan yayyen Verna suka jera kujerunsu kamar kullum, akwatin ƙanƙara a tsakiya, rediyo na tashi. Verna ta fito da doguwar safar hannu, ta tsallake igiyar ko kallonta ba ta yi ba. Ovide ya ji abin har cikin sabon ƙugunsa.

"Duba zafin man! Kashe wuta! A'a, ba nan ba, can! Clovis, kama sandar! A hankali, Verna, a hankali, ba wanki kike jiƙawa ba!"

Talotalo ya nutse, mai ya yi ta tafarfasa, ya lafa. Aka kunna wuta. Verna ta cire safar ta juyo.

"Yanzu sai me?"

"Yanzu sai a jira. Nauyinsa laba goma sha huɗu ne, sai ya yi minti arba'in da tara."

"Ana yin me?"

Ovide ya yi gyaran murya. "Ana lura."

Ta dube shi, ta dubi mazan nan uku da gwangwanayen giya a hannu, kowa ya miƙe ƙafa. Ta jawo kujera ta zauna. Clovis, don rashin sanin abin yi, ya miƙa mata gwangwani mai sanyi. Iska mai daɗi na kaɗowa daga gonakin rake. Verna ta kurɓa, ta jingina ta miƙe ƙafa kamar yadda suka yi, abin da ya ba Ovide tsoro fiye da faɗanta.

"Ovide," ta ce a hankali, "wannan ce wahalar da kake shigo min kana dafe baya a kanta?"

"Ai yau man ne ya yi hankali. Wata shekarar..."

"Eula! Noelie!" ta ƙwala kira. "Ku bar komai ku fito ku ga irin baƙar wahalar da mazanmu ke sha!"

Suka fito hannu duk gari. Verna ta yi musu bayani cikin jimla biyu. Eula, wadda ta haura saba'in, ta je ta tsaya a kan mijinta har ya tashi ya ba ta kujera. Noelie ta canza tashar rediyo.

Can Ovide ya ɗaga hanci. "Wani abu na ƙauri a ciki."

"Shinkafa ce," in ji Verna. "Ba zan iya tashi ba, ina lura."

Dole maza uku suka shiga kicin. Daga waje ana jin ƙarar murafe, ana jin Clovis yana tambaya ko miyar kuɓewa haka take kumfa. Ovide kaɗai aka bari cikin mata, ba damar gudu, suna dariya har da hawaye. Da minti arba'in da tara suka cika ya ɗaga agogo, amma Verna ta leƙa tukunya ta ce a ƙara biyu. Ita da Noelie suka ciro talotalon, ja-ja-wur.

A teburi, shinkafa ta kama, dankali bai nuna ba, burodin masara kuwa da wuƙar yankan nama aka sare shi. Talotalon kaɗai ya fita kunya. Kowa ya zuba wa Ovide ido yana taunawa. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ba laifi," ya ce. "Gishiri ne ya ɗan yi yawa."

"Kai ka yi masa allurar, tsoho," in ji Verna.

Da shekara ta zagayo ƙugu ya warke, Ovide ya fito bayan gida da jajibiri zai auna mai, sai ya tarar da sabuwar tukunya fil kusa da tasa, da kujeru uku masu matashi. Tun daga nan talotalo biyu ake soyawa a gidan Landry, nasa da nata, a jera su a teburi ba tare da an faɗi na wane ne ba. Jikoki su ci su zaɓa. Zuwa bara ta ci huɗu, ya ci biyu, ɗaya kuma an soke shi saboda an kama Ovide yana raba wa masu zaɓe alewa a ƙarƙashin teburi.