Mai Yanke Ciyawar Titin Hickory

Ina zaune ina jiran bas sai na hango ta. Ban san ta ba. Doguwa ce, ta ba sittin baya, ta ɗaure furfurarta da roba. Rigar wani kamfanin tayoyin mota da aka rufe ce a jikinta, an ɗinka "Lorna" a ƙirji. Injin yanke ciyawa take turawa a ƙofar gidan da babu kowa. Masu shi sun bi aiki Texas, kamar rabin garin nan.

A nan, kangon da ciyawa ta cinye jan fenti ake shafa masa, a rushe. Ina jin nata gidan yana kusa, kuma ba ta shirya zama ita kaɗai a tsakiyar fili ba.

Ga ma'aikacin hukumar gari ya fito daga mota da gwangwanin fenti.

"Baiwar Allah, gidanki ne?"

"Ɗan nan, ciyawa aka aiko ka dubawa ko dangina?"

Ya duba. Ciyawar ko idon sawunsa ba ta kai ba.

"Za ta sake tsirowa fa."

"To, ni mutuwa aka ce maka zan yi? Ɗage ƙafarka."

Ya ɗage. Injin ya bi ta inda yake tsaye.