Takardar Cikin Safa

Shekaranjiya wani saurayi ya wuce ni a bakin tashar Utako yana ɗingishi, takalman ƙwallo rataye a wuyansa, yana warin man zafi. Ban san shi ba, amma sai da na tsaya na bi shi da kallo. Wannan shi ne warin ɗakin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara tara a gidajen malamai na wata kwaleji da ke hanyar Bwari. In ka taɓa buga ƙwallon makaranta a wancan yanki, ka san shi ko ban kama suna ba. Koci kawai ake ce masa, kamar babu wani a Abuja sai shi.

Siriri ne, mai ƙaramar murya. Ba ya ihu a bakin fili. Zama yake a benci da littafi a cinya, yana rubutu daga dama zuwa hagu, don komai nasa da ajami yake yi, har jerin 'yan wasa. Shi ya koya mini ajamin, bayan sallar asuba, kafin mu fita gudu cikin raɓa. Kuma ba ya ɗora alƙalami a takarda sai ya fara da Bismillah.

Da nasara ta yi yawa, sai magana ta tashi. Aka ce wannan rubutun da yake yi a benci ba banza ba, ɗaure ƙafafun abokan karawa yake yi. Abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya nunawa. Shi ne fa mutumin da ke laluben yaransa kafin wasa, in ya sami laya ko guru ya ƙulle a leda ya aika wa iyaye. Shi ne kuma ya yi ta zirga-zirga wajen masu shirya gasar kwalejoji har suka kafa doka: duk ƙungiyar da aka kama da asiri a fili an kore ta, kocinta kuma ba zai sake zama a benci ba.

Ina shekara sha shida na zama golansa. A ƙarshen daminar shekarar muka kai wasan ƙarshe, da wata kwaleji ta cikin gari. Ranar jajiberin wasan Baffa ya ba ni 'yar takarda. Ya je ya kalli wasanninsu huɗu, ya rubuta inda kowane ɗan wasansu yake kai ƙwallo in an zo fenareti. Ya ce, “Ka haddace, ka bar ta a gida.”

Na haddace. Amma da gari ya waye sai tsoro ya kama ni, na ga kamar zan manta. Na ninke ta kamar yadda na ga kakata tana ninke duk wani rubutu, ƙanana-ƙanana har ta zama kamar kan yatsa, na ɗaure da baƙin zare don kada ta warware, na cusa a safa. Allah ne shaida, ban ga kamar me ta zama ba sai da na gan ta a hannun wani.

An tashi ɗaya da ɗaya. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, jama'a sun matso har bakin layi. Ana shirin fenareti na duƙa kamar ina gyara takalmi, na zaro ta in ƙara dubawa. Sai ta suɓuce mini ta faɗi. Kyaftin ɗinsu ya riga ni ɗauka, ya ɗaga sama yana ihu, “Juju! Rafali, ga juju!”

Ban taɓa jin fili ya rikice haka ba. Kocinsu, wani ƙaton mutumin Filato, ya rugo ya karɓa ya tsinke zaren. Da ya ga baƙaƙen Larabci sai ya juya wajen Baffa. “Oga, shekara nawa ina faɗa? Yau Allah ta kama ka. Dokar ma kai ka kawo.”

Alƙalin wasa ya karɓi takardar ya riƙe ta da yatsu biyu, nesa da jikinsa. Mutanen kwamitin gasar suka sauko daga rumfa. Daga cikin jama'a wani ya jefo ɓawon rake, ya faɗi a gaban Baffa. Ni kuwa ina tsaye ina kallo. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan yana wanke sunansa daga wannan magana, ni da yake ci da ni na zo na shafa masa a bainar jama'a.

Shugaban makarantarmu ya ja Baffa gefe, amma ina jin su. “Malam, ka ce addu'a ce kawai. Doka ba ta hana addu'a ba. Babu mai iya karantawa a cikinsu. Sirrinmu ya tsira, kai ma ka tsira.”

Baffa ya ce, “Ranka ya daɗe, ba addu'a ba ce.”

“To wa ya sani?”

Baffa ya bar shi a nan. Ya taka zuwa wajen alƙalin wasa, a hankali kamar mai zuwa masallaci, ya ce a karanta ta kowa ya ji. Ba shi zai karanta ba, kada a ce ya ƙara ko ya rage. A nemo wanda ba ruwansa da kowa.

Aka waiwaya, aka hango wani dattijo mai sayar da rake a baro, baƙo daga arewa. Da ƙyar ya yarda. “To wa zai tsare mini rakena? Yaran nan naku ba imani.” Sai da ɗan sanda ya tsaya a kan baron.

Alƙalin wasa ya ce, “Baba, karanta shi da ƙarfi, kowa ta ji.”

Dattijon ya goge hannu a riga, ya kai takardar kusa da ido. “Bismillahir Rahmanir Rahim.”

Fili ya ɗauka. “Ehen! Ba ga shi ba!” Kocinsu ya buɗe hannuwa yana kallon kwamiti. Na rufe ido.

“Ku dakata mana, ai ba a gama ba,” in ji mai rake. Ya bi layin da yatsa. “Lamba tara, damarka, ƙasa. Lamba goma, hagunka, sama, amma yana kallon dama don yaudara. Lamba huɗu, ƙarfi ne ba dabara, tsaya a tsakiya.” Ya ɗago. “Wane ne lamba huɗu? Yaro, an ce ba ka da dabara.”

Dariya ta fara daga 'yan wasansu kafin ta kai ga jama'a. Kocinsu bai yi dariya ba. Ya sa aka maimaita masa layi-layi, yana duban yaransa ɗaya bayan ɗaya, don ya san duk abin da aka karanta gaskiya ne. Daga nan ya cire hularsa, ya miƙa wa Baffa hannu biyu. Ban ji abin da ya ce ba.

Aka buga fenareti, ruwa ya fara sauka. Sun ji komai, kowa ya sauya. Lamba huɗu kaɗai ya buga tsakiya don taurin kai, na kama. Sauran duk suka shiga. Aka ɗauke kofin a gabanmu.

A bas ɗin komawa gida babu mai yi mini magana. Da muka isa gida na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, ina jiran maganar kofi, ko ta rashin jin magana. Ya daɗe yana shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takardar a cinyarsa yana lallashe ta da tafin hannu. Sannan ya ce, “Sunan Allah a cikin safa?”

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma har yau ban gama jinsa ba.

Ya ci kofuna bayan nan, ba a sake ce masa mai asiri ba. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, tsofaffin yaransa suka cika layi: makanikai daga Apo, ma'aikatan gwamnati, har da fasto biyu. Kocin nan na Filato ya zo da sanda, ya zauna a tabarma har aka shafa fatiha. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa Aljanna ce makoma.

Yanzu ina ganin gololi a talabijin suna manna irin wannan takarda a gorar ruwa, da boko, ana yaba musu wayo. Filin kwalejin ma an yanke rabinsa an yi gine-gine. Littattafan Baffa suna wurina, goma sha ɗaya, a akwati. Kwanan baya na ɗauko ɗaya na buɗe wa babban ɗana, wanda shi ma gola ne a makarantarsu, shafin da kakansa ya bayyana yadda ake fitowa a tare ƙwallon kwana. Ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya duba, ya juya shafin. Sai ya ce, “Baba, wannan addu'ar ta mece ce?”