Ƙurjin da na kawo daga Riruwai

Shekarun baya can, tun Bature yana ƙasar nan, ina sabon ango na tafi cin rani Riruwai haƙar kuza. Ƙauyenmu yana kusa da Kiru. Da an gama sussukar dawa sai samari mu nausa kudu, ba ma dawowa sai hadari ya fara haɗowa. Ni da abokina muka tafi, aikinmu ɗaukar ƙasa a kwano.

Abin da na yi a barikin nan ba sai na tsaya bayani ba. Ɗan ƙauye ne ya ji sulalla a aljihu, ya ji kiɗa, ya ɗauka shi ma ya waye.

Muna hanyar dawowa na zagaya, sai na ga wani ƙurji a gabana. Guda ɗaya, bakinsa da tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na gaya wa abokina, ya ce, "Gumi ne da gugar wando. In ciwon mata ne, ai da fitsari ya gagare ka." Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu, don ita nake son ji. Na shiga gidana, na shiga ɗakin matata.

Da ƙurjin ya ƙi tafiya na je wurin wanzamin garinmu. Na durƙusa na ce, "Baba, wani abokina ne abu ya fito masa a gaba." Tsohon ya dube ni ya ce, "To, kwance wandon abokin naka mu gani." Ya ba ni garin barbaɗawa da jiƙon maɗaci, ya ce in nisanci iyali. Ban gaya masa bakin alƙalami ya riga ya bushe ba. Kafin a gama noman farko ƙurjin ya ɓace, ko tabo babu. Na yi hamdala.

Cikin matata na fari ya zube a wata shida. Na biyu aka haife shi ba rai. Ta ukun mace ce, ta zo da rai har aka yi suna. Amma kullum hancinta na zuba, tafin hannunta da na ƙafarta suna saɓulewa, kukanta ma ba ya fita. Ba ta kai arba'in ba. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin kaza ba.

Mahaifiyata ta ce, "Mu dai a gidan nan ba mu gaji wabi ba." Aka yi ta ɗura wa matata rubutu, ana yi mata hayaƙi, wai iska ce ke bin ta. Duk abin da aka miƙa mata sai ta karɓa ta sha. Ni kuwa ina zaune a gefe ina taya su jimami. Bayan ta ukun ta ce za ta je ganin gida Dangora. Ba ta dawo ba.

Can wani gyambo ya fito mini a ƙwauri ya ƙi warkewa, na je ɗakin shan magani a Tudun Wada. Malamin asibitin ya duba, ya ce, "Ka taɓa yin ƙurji a gaba?"

Na ce, "An yi, Malam, amma ya warke tuni."

Ya ce, "Bai warke ba, jini ya shiga. Tunjere ne, ciwon da ake kwasowa wurin matan bariki. Matarka tana haihuwa?"

Sai na ɗaga masa yatsu uku. Ya gane ba ko ɗaya a raye. Ya ce, "Ka kawo ta. Da tun farko kuka zo, allura ce kawai."

Washegari na tafi Dangora a ƙafa. Surukina ya bar mu a zaure. Ta zo ta zauna can gefe, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai.

Ta ce, "Malam, na sani. Tun daminar farko ya fito mini, irin naka."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In faɗa wa wa? In ce wa Inna ɗanta ya kwaso mini ciwo? Na zaci kai za ka faɗa, ranar da ake ce mini mai wabi."

Na ce ta tashi mu je a yi mata allurar. Ta ce, "Zan je, Baba zai kai ni. Kai dai ka ba ni takardata."

Na ba ta. An yi mata allurar, na ji daga baya ta yi aure, amma ba ta ƙara ko ɓatan wata ba har ta koma ga Allah.

Ni na warke, na sake aure, yau jikokina sun cika tsakar gida. Mutane suna cewa Allah ya yi mini albarka, ni kuma ina cewa amin. A garinmu har yanzu in tsofaffi suka tuna ta, cewa suke yi "mai wabin nan ta Dangora". Sau da yawa a gabana ake faɗa. Ban taɓa buɗe baki na gyara musu ba, sai yau.